Faifan Babana da Lamba Sha Bakwai

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutuna. Ina da shekara sha biyar na bar makaranta, kuma abin da zan ba ku daga ka nake ɗauko shi. Masu turo mini saƙo kullum suna tambaya ko na amsa wa Brodie, ku gyara zama, yau za ku ji inda aka kwana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Kerrilee Vassallo. Shekarata ashirin da biyar, ina soya kifi da dankali a wani shago kusa da bakin teku a nan Townsville. Mahaifiyata ta rasu tun ban san fuskarta ba. Babana, Salvu, shi ya raine ni, shi da yayarsa Goggo Rozina. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma har yau in na dafa shayi sai na tsinci kaina da kofi biyu a hannu.

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana juya faifan rulet a gidan caca, amma bai taɓa ɗora ko sisinsa a kan tebur ba. Rigar aikinsa baƙa ce, ba ta da aljihu ko ɗaya, haka ake ɗinka musu. Duk sanda zai bar tebur sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya buɗe tafukansa sama don a ga bai ɗauki komai ba. Abin ya bi jikinsa. Ko daga cin abinci zai tashi, sai ya tafa ya nuna mana hannu, Goggo ta ce, "To mun gani, ba ka saci cokali ba, je ka."

Gidanmu a kan ginshiƙan katako yake, irin na da. A ƙarƙashinsa akwai injin wanki, da tarkace, da wani tsohon faifan rulet da Baba ya saya lokacin da wurin aikinsu suka canja sababbi. Sau biyu a shekara yake kai shi zauren coci. Mutane su sayi kofin wake su yi wasa da shi, kuɗin ya tafi gyaran rufi. A kan faifan nan ya koya mini duk abin da na sani.

"Kerri, kafin ki kalli komai, ƙirga koren gurbi," in ji shi. "Ja da baƙi ado ne. Kore shi ne bakin mai gida, da shi yake ci."

Ya kan ba ni wake ya ce in sa ƙwaya ɗaya a kan kowace lamba. Faifanmu irin na Turai ne, lamba ɗaya zuwa talatin da shida, da sifiri ɗaya kore. Wake talatin da bakwai ke nan. Duk inda ƙwallo ta faɗa na ci, sai ya biya ni talatin da biyar, ya haɗa mini da ƙwayata. In ƙirga, talatin da shida.

"Ina ɗayar?"

"Tana wajenka."

"To kin ci, amma kin ragu. Wannan shi ne mai sauƙin. Na Amurka sifiri biyu gare shi, gurbi talatin da takwas, biyan kuma bai ƙaru ba, ƙwaya biyu zai cinye miki. Yanzu har da mai sifiri uku an ƙirƙiro. Wanda ya zauna a wannan, a kira masa likita."

Akwai kuma na Faransa, wanda Baba yake ambata kamar tsohuwar budurwarsa. Faifan ɗaya ne da na Turai, doka ce ta bambanta. In ka sa a ja ko baƙi sai sifiri ta fito, ba a cinye ka duka. Ko dai a mayar maka da rabi, ko a tsare abinka a kan tebur har juyi na gaba, in naka ya fito a sakar maka. "Shi ma ɓarawo ne," in ji Baba, "amma yana da tarbiyya."

A ƙarƙashin gidan nan na same shi ranar wata Talata, zaune a kujera, tsumman goge faifai a hannunsa. Na ɗauka gyangyaɗi yake. Tun daga ranar ban sake taka matakalar nan ba. Wankina ma a shagon wanki nake yi, in biya. Goggo ta san dalili, shi ya sa wannan kaɗai ne abin da ba ta yi mini surutu a kai.

Amma maganar Brodie kam, safe da yamma.

Brodie Kerslake mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne. Dogo, ja kamar an gasa shi, kullum cikin gajeren wando da takalmin aiki. Yana da mota a-kori-kura, yana da kwalekwale mai inji da ya gada wurin kakansa, sunanta Doreen. Da ita yake kamun ƙaguwa, kuma in yana maganarta har muryarsa sauyawa take. Sau biyu yana tambayata aure, sau biyu ina cewa ya dakata. Ba ƙin sa nake ba. Kawai dai zuciyata ba ta gama dawowa daga maƙabarta ba.

Goggo kuwa ta riga ta aurar da ni a ranta.

"Yaro da sana'a a hannu, ba ya sha sai ranar Juma'a, yana cin girkina har ya nemi ƙari. Me kike jira, mala'ika? Gara ta cinye ginshiƙan gidan nan, wata rana muna barci za mu tashi a ƙasa."

"Goggo, miji kike nema mini ko kafinta?"

"In an samu biyun a mutum ɗaya, ina laifi?"

Duk Lahadi sai ta ƙirƙiro abin da ya lalace. Yau injin wanki, gobe famfo. Brodie ya zo ya sauka ƙarƙashin gida, ya yi awa uku. Na sha jin ƙarar 'yar ƙwallon nan tana zagaya katako, sai in ƙara muryar rediyo. Ban taɓa tambaya ba. Kuskurena ke nan.

Ranar Asabar ɗin da zan ba ku labari, ina wurin aiki, wajen ƙarfe sha biyu, wayata ta yi ƙara a aljihun rigata. Na goge mai a hannu na duba. Saƙon Brodie ne, shi ke kirana Kez.

"Kez, ki dawo gida da wuri. Ƙarfe uku wani zai zo gidanku ya ɗauki Doreen. Na sayar."

Na rubuta, "Ka sayar da WA?"

"Doreen. Dala dubu tara. Kada ki damu, zan sayi wadda ta fi ta. Babanki ya yi mini magana."

Jama'a, sai da na zauna a kan buhun dankali. Na ce wa mai shago cikina ke ciwo, na tafi ko rigar aiki ban cire ba.

Ina isa na ga Doreen a ƙofar gida a kan tirelarta, an wanke ta tas har tana ƙyalli. A kicin, fanka na juyawa tana kaɗa zafi. Goggo na zaune cikin baƙar rigarta ta makoki da silifas ruwan hoda, ta kunna kyandir a gaban hoton Baba. Ta gasa pastizzi, 'yan dunƙulen fulawa masu cuku a ciki, cike da faranti, abin da ba ta yi sai ranar biki. Brodie kuwa ya sa riga mai maɓalli, ya taje kai da ruwa. A gabansa akwai wani littafi mai datti, irin wanda yake rubuta awon firji.

"Zauna, 'yar nan," in ji Goggo, tana magana ƙasa-ƙasa kamar a coci. "Ɗan'uwana bai manta da mu ba."

Brodie ya buɗe littafin. Lambobi ne shafi bayan shafi.

"Sau ɗari shida da sha biyu na juya faifan Baba," ya ce. "Duk na rubuta. Lambobi huɗu ke ta fitowa, Kez. Sau ɗari biyu da uku! Ashirin da biyar, sha bakwai, talatin da huɗu, shida."

"To?"

"To me? Shekarunki nawa?"

"Ashirin da biyar."

"Ran nawa ga wata aka haife ki?"

"Sha bakwai."

"Shekara nawa Baba ya yi yana aiki? Gidan nan lamba nawa ne, ba shida ba?"

Goggo ta yi alamar gicciye ta share ido da gefen riga.

"Yau da yamma zan tafi gidan caca da dubu taran nan," in ji Brodie. "In raba a kan huɗun. In na dawo, a canja ginshiƙan gida duka, in saya miki zobe, ba irin na cikin kwalin alewa ba."

"Kuma an gwada," Goggo ta sa baki. "Ranar Alhamis na bi motar tsofaffi zuwa gidan caca, na sa dala biyar a sha bakwai. Ɗari da saba'in da biyar suka ba ni. Da me kike tsammani na sayi cukun pastizzin nan?"

Na dube su su biyun. Mutum mai iya kwance na'ura ya mayar da ita ido rufe, da matar da ba a taɓa cutarta ko kwabo a kasuwa ba.

"Brodie, wane tebur za ka zauna?"

"Na kusa da ƙofa. Shi ne mai arha, kuma nan sanyi ya fi bugawa. Na'urarsu ta wajen mai kyau ce."

"Koren gurbi nawa gare shi?"

Ya sosa ƙeya. "Kore? Teburin ai duk kore ne."

"A jikin faifan, malam. Sifiri nawa?"

"Biyu, ina ji. Ai ya fi, ko? An ƙara maka wurin sawa."

Da Baba na da rai, da a nan zai fita ya sha iska.

"Saurara," na ce. "A mai sifiri ɗaya, duk dala ɗari da ta bi ta kan tebur, a kwana a tashi gida na riƙe biyu da 'yan kai. A mai sifiri biyu, biyar da kwata. A mai uku, kusan takwas. An sa mai biyun a bakin ƙofa da arha ne don irinku masu bin sanyi. Kuma lambobin nan naka huɗu, a faifan Baba maƙwabtan juna ne, a jere suke. A faifan Amurka jerin daban ne. Ashirin da biyar tana can gabas, sha bakwai tana yamma. Ba ka tambayi kanka me ya sa duk saƙon ya taru a kusurwa ɗaya ba?"

"Matattu ba ruwansu da kusurwa," in ji Goggo.

"Goggo, mutumin da bai taɓa caca yana raye ba, sai da ya mutu zai fara?"

"Wataƙila can an ba shi hutu."

Brodie ya rufe littafin a hankali. Ba fushi ya yi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. "Kez, na san kin san aikin nan. Amma ɗari shida da sha biyu ba wasa ba ne. Da idona na gani. In kin ce ƙarya ne, nuna mini."

Na kalli agogon bango. Biyu da minti goma.

Na san abin da ke damun faifan, tun sanda ya ambaci lambobin na sani. Amma ba a nuna shi daga kicin. Sai an sauka.

Matakala sha ɗaya ce. Na tsaya a ta farko. Warin wurin ne ya fara tarbata, man goge katako da sabulun wanki da danshin siminti. Na ce a raina, Kerrilee, ko ki sauka, ko ki tsaya nan ki ga mutumin kirki ya zubar da gadon kakansa saboda ke. Goggo ta zo bayana, ta dafa kafaɗata. Hannunta duk gari. Na sauka.

Kujerar tana nan inda take. Ban kalle ta sosai ba. Na wuce kai tsaye wurin faifan, na shafa bakinsa. Ko ƙura babu.

"Ina goge shi duk Lahadi," in ji Brodie daga baya. "Na ga kamar ba zai so a bar shi da datti ba."

Ku gane, irin wannan ne yake hana ni korarsa.

"Je ka mota ka ɗauko ma'auninka mai kumfa a tsakiya," na ce.

Ya kawo. Na ɗora a kan faifan. Kumfar ta gudu gefe guda ta maƙale kamar an biyo ta.

"Simintin nan a karkace aka zuba shi, don ruwan wanki ya gangara magudana," na ce. "Wannan ɗaya. Na biyu, ɗago nan ka leƙa." Muka ɗaga tsakiyar faifan, mai juyawar. A ƙarƙashin sha bakwai akwai facin dalma kamar girman babban yatsa. "Ya taɓa faɗowa daga mota a hanyar coci, ya tsage, Baba ya like. Gefen nan ya fi nauyi. In tebur ya daidaita, ba a ko lura. In ya karkace, nauyi ya gangara ƙasa, ƙwallo ma ta gangara ƙasa, su haɗu a can. Wata bakwai kuma ba wanda ya ɗiga masa mai, ga iskar teku, da ka juya sai ya tsaya. Ba Baba ke magana ba, Brodie. Magudanar ruwa ce."

Ya tsuguna yana kallon kumfar kamar ta zage shi.

"Amma da ba haka yake yi ba," in ji Goggo. "A coci kowa ci yake, kowa faɗuwa yake."

"Saboda Baba na sa wani abu a ƙarƙashin ƙafar nan." Na durƙusa na laluba ƙafar tebur ta wajen magudana. Wayam. "Akwai wata takarda a ninke a nan. Ina take?"

Na ɗago. Goggo na kallon injin wanki kamar yau ta fara ganinsa.

"Goggo."

"Shara na yi bayan jana'iza. Mutane za su shigo, ga takarda a ƙasa kamar gidan mahaukata."

"Kin yar?"

Ta ja tsaki, ta sa hannu a wuyan rigarta, inda take ajiye abin da ba ta yarda da jaka a kansa ba. Ta fito da wata takarda da aka ninke sau takwas, ta yi baƙi, ta taurare kamar katako.

"Na buɗe na ga ko mene ne, sai na kasa yarwa. Na kuma kasa ba ki."

Na warware ta a hankali don kada ta yage. Takardar sakamakona ce ta shekarar ƙarshe a makaranta. Na tuna ranar da na kawo ta. Baba ya karanta, bai ce uffan ba, ya sauka ƙasa da ita. Shekara goma ina ɗauka ya yaga ta don takaici. Ga rubutun malamin lissafi da jan biro: "Kerrilee ba ta da kan lissafi. A nema mata aikin hannu."

A ƙasan wannan, da fensir, rubutun Baba ne mai kwanciya gefe: "Sha uku sau talatin da biyar. Ta riga ni faɗa. Malamin nan bai san komai ba."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Irin mai majina, ba irin na fim ba. Na zauna a kujerar da na yi wata bakwai ina gudu, na yi shi sosai. Brodie ya miƙo mini tsumma, sai da na goge fuska na ga na goge faifai ne. Goggo ma tana yi, tana cewa, "Shi dai bai iya faɗar abu da baki ba, sai ya sa a ƙarƙashin tebur."

Can Brodie ya ce, a hankali, "Nawa ne?"

"Me?"

"Sha uku sau talatin da biyar."

"Ɗari huɗu da hamsin da biyar," na ce ina jan hanci.

Ya ciro waya ya danna. Ya dube ni, ya mayar da ita aljihu.

Na sake ninke takardar yadda take. Na ce ya ɗaga tebur, na tura ta mazauninta. Kumfa ta dawo tsakiya ta zauna daram. Na ɗiga wa faifan mai. Sannan na juya shi hagu, na harba ƙwallo dama da yatsa biyu, yadda aka koya mini. Hannuna bai manta ba.

Takwas. Talatin da ɗaya. Biyu. Sifiri. Ashirin da biyu. Sha huɗu.

Brodie yana rubutawa. Mun yi juyi arba'in. A cikin lambobinsa huɗu, sau uku kacal aka samu, sha bakwai kuwa ko leƙowa ba ta yi ba. A juyi na talatin ya daina rubutu.

"To amma ni fa na ci," in ji Goggo, murya ta ragu.

"Sau nawa kika sa kafin ki ci?"

"Wa yake ƙirgawa?"

"Ke. Ke da kike ƙirga ƙwai a kwali bayan mai shago ya ƙirga."

Ta gyara silifas da yatsan ƙafa. "Arba'in da huɗu. Da na cin."

"Sau arba'in da uku an cinye miki biyar-biyar, ɗari biyu da sha biyar ke nan. Aka ba ki ɗari da saba'in da biyar. Goggo, dala arba'in kika biya kika sha sanyi."

"Har da shayi kyauta," ta ce. "Da biskit biyu."

Brodie ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa in mutum ya ga ramin da ya kusa faɗawa. Ya yi har ya zauna a kan kwandon wanki. Da ta lafa, sai ya shiga juya littafin a hannu.

"Ni dai so na yi in zo miki da wani abu a hannu," ya ce. "Sau biyu ina tambaya hannu wofi. Na ce ko shi ya sa."

"Wa ya ce maka hannunka nake kallo?"

"To me kike kallo?"

Sai Goggo ta matso har numfashinta na taɓa wuyana.

Ya miƙe. Ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya daga gwangwanin Baba ya ɗora a kan ja.

"Yanzu faifan ya daidaita, ko? Ba magudi. To juya. In ja ta fito, ki aure ni. In baƙi, ba zan sake tambaya ba, sai dai in zo gyaran famfo."

"Ɗan nan, ka sa a duka biyun mana!" in ji Goggo.

Jama'a, kun ji mutum. Awa guda ina yi masa karatu, ya tashi ya ɗora aurena a kan abin da bai kai rabi da rabi ba. Sha takwas cikin talatin da bakwai. Na so in kwaɗa masa ma'aunin nan a ka. Amma na ga wannan karon ba kuɗi ya ɗora ba.

Na juya faifan. Na harba ƙwallo. Ta yi ta zagayawa tana wannan kukan da na yi wata bakwai ina toshe wa kunne. Goggo ta rufe ido tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallo ta fara sassautawa, ta fara gangarowa.

Na sa hannu na cafke ta.

Da Baba ya ga wannan a wurin aiki, da a ranar za a kore ni. Na tsayar da faifan, na ajiye ƙwallon da kaina a koren gurbi.

"Sifiri," na ce.

"Wannan ai zalunci ne!" in ji Goggo. "A gabana!"

Fuskar Brodie ta faɗi. "Shi ke nan, gida ya cinye?"

"A teburin bakin ƙofa, da ya cinye. Nan teburin Babana ne, dokar Faransa muke bi. Ba ka ci ba, ba a cinye ka ba. Wakenka na tsare har juyi na gaba."

"Yaushe ne juyi na gaba?"

"Ba a kan faifai ba. Ni ba a cin ni da wake. Ranar da ka kai ni kamun ƙaguwa a cikin Doreen, ka sake tambayata a can, da bakinka."

Daidai nan aka danna ham a ƙofar gida. Uku saura minti biyar. Mai saye ya zo da wuri.

Brodie ya dubi matakala, ya dube ni. "Na riga na ba shi hannu, Kez. Tun daga garin Ayr ya taso. Kuma ƙato ne."

"To ka zaɓa."

Ya hau sama da gudu, har ya yi tuntuɓe a ta bakwai. Goggo ta bi shi, wai za ta kai wa baƙo pastizzi ko zuciyarsa ta yi sanyi. Ni na zauna. Daga ƙarƙashin gida ba a ganin titi, sai dai ji. Na ji muryar wani mutum ta tashi sama. Na ji ta Brodie ƙasa-ƙasa. Na ji Goggo na cewa, "Ci ɗaya dai, ɗana, da zafinsu." Aka buga ƙofar mota. Inji ya tashi.

Tirelar Doreen tana da wata taya ta hagu mai kuka kamar ɗan kyanwa. Duk unguwar nan an san ta, tun daga kwana ake jin zuwan Brodie. Na kasa kunne.

Mota ta ja, ta yi kwana, ƙararta ta ɓace. Taya ba ta yi kuka ba.

Na tashi na lulluɓe faifan da zanensa. Ƙwayar waken na bar ta a kan ja. Har na juya zan tafi, sai na ga hannuwana sun tafa sau ɗaya da kansu, sun buɗe sama. Ba kowa a wurin sai kujera. Na nuna mata duk da haka.

Ina kan matakala waya ta yi ƙara. Brodie ne.

"Mai sayen ya tafi da farantin duka, ya kuma kira ni sunan da ba zan rubuta ba. Ruwan teku zai cika gobe shida na safe. Ki zo da hula."

Na rubuta, "To."

Abin da Brodie bai sani ba, Goggo ma ta manta, shi ne ni ko babban jirgin da ke kai mutane tsibiri na shiga, tun kafin a kwance igiya nake fara amai. Kwalekwale kuwa ban taɓa shiga ba tunda aka haife ni. Na riga na san amsar da zan ba shi. Abin da ban sani ba, tsakanin amsar da amai, wanne ne zai riga fitowa daga bakina.